Rigar da Surukina Ya Ɗinka wa Amfilifaya

Sana'ata wayarin mota. Rumfata tana bakin tashar Jabi, tsakanin mai gyaran birki da wani ɗan ƙabilar Ibo mai sayar da waya da fiyus da ƙwan fitila. Masu mota ba sa kiran mu da komai sai rewaya. Ban yi nisa a boko ba, amma wanda ya koya mini aiki ya bar mini magana ɗaya da nake riƙe da ita har yau. Ya ce kowane aiki yana da farko, yana da tsakiya, yana da ƙarshe, kuma wanda ya fara daga tsakiya shi ne yake ƙona motar mutane. Saboda haka kafin hannuna ya taɓa kowace waya sai na cire kan batir. Ko mai motar yana sauri, ko yana zagi, sai na cire.

Mahaifin matata yana zaune a Gwagwalada. Ya yi aiki a sashen ɗab'i na wata ma'aikatar gwamnati har ya yi ritaya, injinan buga takardu kuma suka tafi da rabin jinsa. Da shekaru suka ƙaru, sauran rabin ma ya fara bin sawu. Yana da wata tsohuwar mota ruwan toka, shi yake tuƙa abarsa, ba ya ba kowa. In ya shigo gari yakan biyo ta gidanmu a Durumi, amma ba ya shiga. A ƙofar gida yake tsayawa, yara su fito su gaishe shi, ya miƙa musu abin da ya riƙo, ya juya.

Tsakanina da shi kuwa akwai abin da ke tsakanin kowane mutum da surukinsa. In na hango shi sai in cire takalmi, in durƙusa, in kafa idona a ƙasa, in sassauta murya. Tun da aka ɗaura aure ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Haka aka tarbiyyantar da ni, haka na ga mahaifina yana yi wa nasa surukin. Gaisuwa kuma ba ta bukatar kunne, domin kowa ya san abin da ke biye da wani. In ce ina kwana, ya ce lafiya lau. In ce ya ƙarfin jiki, ya ce da godiya. In na ƙara wata magana a kai sai ya ce madalla, Allah ya yi albarka. A haka muka yi shekaru, ban ga wani giɓi ba.

Wata rana matata ta dawo daga Gwagwalada ranta a jagule. Ta ce Baba ba ya jin karatun Alƙur'ani a mota yanzu. Yana murɗa rediyon har ƙarshe, sifikun su riƙa kuka kamar ana yaga zane, shi kuma ba ya tsintar komai. Ya ce wa Inna, mahaifiyarta, hanyar gari ta yi masa tsawo.

Ta ce, "Kai da kake sa wa samari abin da yake girgiza unguwa har kwanuka su riƙa rawa, ka kasa sa wa Baba abin da zai ji karatu?"

Na ce, "Ai ba a ce in sa ba."

"To ga shi an ce."

Ranar Asabar da hantsi ya kawo motar. Na share masa benci a inuwa, ya zauna da carbinsa yana kallona. Amfilifaya zan sa masa, ɗan akwati ne na ƙarfe mai tsage-tsage a baya, aikinsa ya karɓi sauti daga rediyo ya ƙara masa ƙarfi kafin ya kai ga sifika. Yana cin wuta sosai, don haka ba a ja masa daga wayoyin rediyo. Daga batir kai tsaye ake ja masa, da jar waya mai kaurin ɗan yatsa.

Da farko na cire kan batir. Sai na nemi ramin da wayoyi suke bi daga wajen inji zuwa cikin mota, na zura jar wayar ta cikin robar da ke bakin ramin, don kada kaifin ƙarfe ya yanke ta wata rana. Bayan nan na yanke ta kusa da batir, tazarar da ba ta kai kamu ɗaya ba, na sa fiyus a tsakani. Fiyus shi ne mai gadi. In wani abu ya taɓa wayar a inda bai kamata ba, shi yake fara ƙonewa, wuta ta yanke, mota ta tsira. Sai na ɗaga kafet na bi da jar wayar ta gefen direba. Wayoyin sauti na bi da su ta ɗaya gefen, domin in suka kwanta tare za a riƙa jin kukan inji a cikin karatu. Na ja siririyar shuɗiyar waya daga bayan rediyo, wadda take kunna akwatin in an kunna rediyo, ta kashe shi in an kashe. Na sauya sifikun ƙofofi da sababbi.

Saura wurin zaman akwatin. Ni a ƙarƙashin kujerar gaba nake sa shi, inda iska take wucewa kuma babu kayan da za su danne shi. Na durƙusa ina tura shi ciki sai na ji Baba a kaina.

"Me kake turawa nan ƙarƙashi?"

Na ba shi amsa, kaina a ƙasa. Ya sake tambaya. Maƙwabcina mai sayar da waya, wanda ba ya iya ganin magana ta wuce shi, ya leƙo daga shagonsa ya ɗaga murya da Hausarsa ta kasuwa.

"Baba, wannan shi ne ampilifaya! Karatu zai shiga ciki ƙarami, ya fito babba!"

Baba ya ce, "Ta cikinsa karatun yake bi?"

"Ta ciki, Baba! Duka!"

Baba ya ce, "To ba za a zauna a kansa ba. Ba za a kuma miƙe masa ƙafa ba. A nema masa wani wuri."

Ban yi musu ba. Na fito da shi, na ƙara tsawon wayoyi, na kai shi but. Na kafa shi a tsaye a bayan kujerar baya, can sama, yadda ba ya taɓa ƙasa. Na kankare fenti da samfefa har ƙarfe ya fito fari, na ɗaure baƙar waya a jikin motar. Na duba kowane noti. Daga ƙarshe na mayar da kan batir.

A cikin but ɗin akwai darduma a naɗe, da buta, da tayar safiya, da wata jarka ta fetur da yake ajiyewa saboda layin gidan mai. Na dubi jarkar, na dubi akwatin. Na durƙusa gabansa na ce, a hankali, akwatin nan yana zafi in yana aiki, iska yake so, kada a ɗora masa komai, jarkar kuma a nisanta ta.

Ya ce, "Madalla. Allah ya yi albarka."

Ya shiga ya zauna, na kunna. Muryar mai karatu ta cika motar, tas, babu kuka. Na ƙara kaɗan. Ina kallon hannunsa a kan sitiyari, domin fuskarsa ba hurumina ba ce. Yatsunsa suka daina jan carbi. Can sai ya ce, "Rage kaɗan." Matata ta gaya mini daga baya cewa da Inna ta ji wannan sai da ta yi hawaye, don ta manta rabon da ya ce a rage masa wani abu.

Bayan 'yan makonni ya dawo. Ya ce akwatin karatu, haka yake kiran sa, yana yankewa. In ya taso daga gida lafiya lau, amma da ya wuce mararrabar filin jirgi sai ya yi tsit. In ya tsaya ya huta sai ya dawo. Tun kafin ya gama na san zafi ne. Akwatin yana kashe kansa in ya yi zafi fiye da kima. Abin da ban sani ba shi ne dalili, tun da na bar masa fili ta ko'ina.

Na buɗe but. Akwatin yana sanye da riga.

Karan-miski ne kore, sabo, da zare ruwan zinare a gefe, an ɗinka shi daidai jikinsa kamar yadda ake ɗinka wa Alƙur'ani gida. Tela ya ƙware, har ya bar ƙananan ramuka inda wayoyi suke shiga. Ta ƙasa kuma an sa zif na ƙarfe. Na ɗora tafina a kai na janye. Sai na sunkuya na bi zif ɗin da ido, na ga haƙoransa suna wucewa dab da notin da jar waya take ɗaure. Faɗin ɗan yatsa ne kawai tsakaninsu. Jarkar fetur tana nan inda take.

Maƙwabcina ya leƙo ta kafaɗata. "Oga rewaya, ampilifaya ta yi sallah? Sabon kaya! Ni ko ɗana ba ta da irin wannan."

Na yi masa wani kallo, ya koma shagonsa yana dariya.

Na cire kan batir. Na zuge zif, na tuɓe rigar, na ninke ta da kyau na ɗora a kan darduma. Na bar akwatin ya huce, na duba wayoyi, na mayar da kan batir, na kunna, ya yi. Sai na durƙusa na ce, "Baba, da za a bar shi haka babu rigar, da ya fi. Zafi ne yake kashe shi. Ƙarfen zif ɗin nan kuma yana kusa da wuta."

Ya ce, "Madalla."

Ya zagayo zai rufe but sai ya ga rigar a ninke. Ya ce, "Af, ka manta rigarsa." Ya ɗauka da hannunsa, ya sa masa, ya ja zif, ya shafa ta. Ina tsaye a gefe. Na ɗauka ya ji maganata ya ƙi ta ne, kuma wanda ya ƙi maganarka sau ɗaya, in surukinka ne, ba ka maimaita masa a gaban mutane. Ya tayar da mota ya tafi. Na bi bayanta da kallo har ta shige cikin motocin tasha.

Da na koma gida na zaunar da matata na jera mata abin a tsare. Rigar tana riƙe zafi. Zif ɗin yana iya taɓa wuta. Jarkar tana kusa. Na ce ta gaya wa Inna, Inna ta gaya wa Baba, a cire rigar. Ina zaune ta kira Inna. Suka gaisa, suka yi maganar wata haihuwa, suka yi maganar tsadar tumatir, sannan ta ce, "Inna, wai baban yara ya ce abin nan na motar Baba, a ɗan riƙa kula da shi, kamar yana jin zafi."

Na ce, "Ba haka na ce ba."

Ta rufe bakin wayar da hannu. "To so kake in ce wa Inna mijina ya ce Baba bai san abin da yake yi ba?"

Me Inna ta gaya wa Baba, ban sani ba. Abin da ya dawo mini shi ne Baba yana godiya, kuma ya koma wurin tela an sa wa rigar soso ta ciki, saboda ramukan hanya kada su wahalar da akwatin.

Daga ranar hankalina bai sake kwanciya ba. Ina cikin ɗaure wa wani fitila sai in ga zif ɗin nan yana matsawa kaɗan-kaɗan duk lokacin da taya ta faɗa rami. In aka kira wayata da rana sai gabana ya faɗi. In motar kashe gobara ta wuce sai in tsaya in ga inda ta nufa. Abu ɗaya nake lallashin kaina da shi, fiyus. Nakan bi layin a raina daga farko: batir, fiyus, jar waya, akwati. In zif ya taɓa noti, fiyus zai ƙone, karatu ya ɗauke, Baba ya kawo mini mota, ni kuma in sami hanyar ɓatar da rigar. Muddin mai gadi yana bakin ƙofa, mafi munin abin da zai faru shi ne shiru.

Wata Talata, gab da azahar, matata ta kira ni muryarta wasai.

"Albishirinka. Abin Baba ya mutu jiya gaba ɗaya, amma an gyara. Ya ce kada a dame ka, ka yi wahala da yawa."

"Wa ya gyara?"

"Wani ne a bakin kasuwar Gwagwalada."

"Me ya gyara?"

"Wai wani ɗan abu ne kusa da batir ya ƙone. Babu irinsa a wurinsa, sai ya naɗa waya a madadinsa. Inna ta ce ya ce yanzu ba zai sake ƙonewa ba har abada."

Na zauna a kan bencin. Na ce, "Baba yana ina?"

"Ya taso. Doya zai kawo wa yara. Lafiya?"

Na kashe na kira lambarsa. Ta yi ta ringi har ta katse. Na sake, haka. Wayar tana aljihunsa, shi ba ya ji, ga karatu a kunne, da ƙarfin da ni na ba shi.

Abin da ya faru a fili yake. Zif ya taɓa noti, fiyus ya yi aikinsa ya ƙone. Wancan mutumin bai tambayi dalili ba, bai buɗe but ba, ya fara daga tsakiya. Yanzu babu komai tsakanin batir da akwati sai waya. In zif ya sake taɓawa, babu abin da zai yanke. Jar wayar za ta yi jajur tun daga wajen inji, ta bi ƙarƙashin kafet dab da ƙafar Baba, ta ƙare a cikin soso da karan-miski, kusa da jarka. Lokacin ana layin mai, na san jarkar cike take.

Na ɗauki sifana mai lamba goma da filaya na sa a aljihu. Na ce wa maƙwabcina ya ba ni babban fiyus. Ya ga fuskata, bai yi wasa ba, ya jefo mini. Da na gaya masa abin da ake ciki a gurguje sai ya dafe kai.

"Oga, in ka same shi ka yi ihu fa! Baba ba ta ji, kai kuma kana magana kamar amarya. Ni da nake kusa ma ba na jin ka."

Ban tsaya ba. Na shiga tasin da take bin hanyar filin jirgi, na zauna a gaba. Na san Baba mutum ne mai tsari. Ba ya wuce lokacin salla a kan hanya, kuma wuri ɗaya yake tsayawa, wani ɗan masallaci a cikin gidan mai kusa da mararrabar Giri. In na yi sa'a in same shi a can. In ban yi ba, mu saɓa, shi a wancan hannun ni a wannan, da shinge a tsakani.

A Lugbe muka shiga cunkoso. Direban yana tsayawa ɗaukar fasinja, yana tsayawa saukewa, yana jayayya da wata mata a kan buhun gari. Ni idona yana ɗaya hannun, ina duba duk mota ruwan toka. Ban taɓa sanin Abuja tana da motoci ruwan toka da yawa haka ba. Ƙafata tana taka birkin da babu.

Direban ya dube ni. "Malam, matarka ce a kan gwiwa?"

Na ce, "Ka dai tuƙa."

"Ai tuƙin nake yi. In jirgi kake so ga filinsa nan gaba."

Da muka fita daga cunkoson na hango hayaƙi can gaba, baƙi, yana tashi daga gefen hanya. Na fara karanta duk addu'ar da ta zo mini, ban san wadda na gama da wadda ban gama ba. Da muka matso sai na ga shara ce ake ƙonawa da tsohuwar taya. Direban ya ce wani abu, ban ji ba.

Na sauka a gaban gidan man na tsallaka titi da gudu. Motar tana nan, an ajiye ta a gefen masallaci, ba nisa da famfunan mai. Doya tana kujerar baya. An riga an tayar da salla. Na ja ƙofa, a kulle. Abin buɗe bonet yana ciki. Ita kuwa jar waya ba ruwanta da makulli, ko an kashe mota wuta tana cikinta. Na zagaya baya na kai hancina bakin but ina shinshinawa. Akwai warin fetur, akwai warin roba mai zafi, ban iya raba su ba. Wani mai zuba mai ya tako.

"Oga, motarka ce?"

"Ta surukina ce."

"To me kake shinshina?"

Na ce ya matsa. Na ɗora tafina a kan murfin but na tsaya haka ina jiran liman ya yi sallama. Ban taɓa jin azahar ta yi tsawo irin ta ranar ba.

Mutane suka fara fitowa. Baba ya fito yana gyara hula, makulli a hannu. Na cire takalmi na durƙusa a kan kwalta mai zafi. Ya yi mamakin ganina.

"A'a, kai ne? Lafiya? Yaran lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau, Baba. Makullin nake so a ba ni, akwai matsala a wayar."

Ya ce, "Madalla. Shigo mu tafi, ai gidan naku za ni."

Ya buɗe ƙofa. Ya ɗaga ƙafa zai shiga. A nan maganar maƙwabcina ta dawo mini. Na miƙe tsaye, na shiga tsakaninsa da kujera, na ɗaga kai na dubi fuskarsa, na buɗe murya iya ƙarfina.

"Baba! Kada ka shiga! Ba ni makullin! Motar nan za ta kama wuta!"

Duk wanda ke neman takalminsa a bakin masallaci ya juyo. Wani dattijo mai jan gemu ya ce, "Kai! Wane irin rashin tarbiyya ne wannan? Sa'anka ne?" Baba bai dubi dattijon ba. Bakina yake kallo. Ya miƙo makullin.

Na ja abin bonet. Na cire kan batir. Sai da na ga wayar ta rabu da batir sannan na ja numfashi. Na buɗe but, na fito da jarkar na kai ta nesa. Sannan na zuge zif, da ƙyar, domin haƙora biyu sun narke sun manne. Na tuɓe rigar na juya cikinta. Soson ya yi baƙi, ya ƙanƙance a daidai wurin notin, karan-miskin ya ɓule. Na koma wajen batir na ciro wayar da aka naɗa a gidan fiyus, ta riga ta sauya launi.

Na kawo su gabansa. Na tsaya inda zai ga bakina na yi masa bayani da ƙarfi, daga farko. Akwatin yana zafi, rigar tana hana shi shan iska. Zif ya taɓa wuta, ga tabon. Fiyus ya ƙone don ya tsare mota. An cire mai gadi an sa waya. Saura rami ɗaya mai kyau a hanya. Ga jarka. Ina faɗa mutane sun kewaye mu, ni kuma ji nake kamar an tuɓe ni a kasuwa.

Baba ya karɓi rigar ya sa ɗan yatsa a ɓulin. Ya daɗe yana dubawa.

"Tun yaushe ka san haka?"

"Tun ranar da na ga rigar, Baba! Na faɗa!"

"Wa ka faɗa wa?"

"Kai, Baba!"

Ya ce, "Ƙasa ka faɗa wa. Ni baki nake kallo, kai kuma hularka kaɗai nake gani. Shekarun nan in ka yi magana madalla kawai nake cewa, don na san ba za ka zage ni ba."

Mai jan gemu ya sake matsowa zai yi magana. Baba ya ɗaga masa hannu. "Mijin 'yata ne. Aikinsa yake yi, ku bar shi."

Na sa sabon fiyus. Na naɗe notin da tef. Na sa mai zuba mai ya juye jarkar a tanki. Na mayar da kan batir a ƙarshe. Baba yana tsaye a bakin but yana kallon akwatin babu riga, ga tayar safiya a ƙarƙashinsa, ga buta.

Ya ce, "Yanzu haka zai zauna, tsirara?"

Na ce da ƙarfi zan sa mai walda ya yi masa keji na raga, mai fili ta ko'ina. In ya so a rataya ƙyallen a gaban kejin kamar labule, babu zif, babu soso. Ya ce a yanke wurin da ya ƙone tukuna. Na ce za a yanke.

Ya ce in je in yi salla, zai jira. Da na fito ya nuna mini kujerar gaba. Ban taɓa zama kusa da shi ba. Na shiga na takure jikin ƙofa, rigar a ninke a kan cinyata. Ya kunna karatu muka hau hanya. Shi yana bin mai karatun da leɓe, ni kuma hancina a buɗe har Durumi, duk ramin da muka faɗa sai na waiga baya.

An yi kejin, an rataya labulen. Jarka ba ta sake shiga but ba. Yanzu in ya shigo gari rumfata yake fara tsayawa. Har yau ina cire takalmi, ina durƙusawa, amma sai ya ce, "Ɗago." Sai in ɗago in gaishe shi da muryar da ake ji har shagon maƙwabcina, shi kuma ya leƙo ya ce amarya ta yi baki. Ban saba ba, ba na kuma jin zan saba. Da mun gama gaisawa sai in nemi makulli, in buɗe bonet in duba fiyus, in zagaya in buɗe but, sannan in tambaye shi mutanen gida.